Afrilu ya kama, zuwa wasan zamiyar ƙanƙara yanzu asarar kuɗi ne ko da sauran dama?

"Salam Yaya, dan Allah tambaya gare ni. Ni ɗalibi ne a Munich ta Jamus, bana na fara koyon siki, wato wasan zamiyar ƙanƙara, sau uku kacal na je a watan Janairu sai jarabawa ta taso, ana gamawa kuma azumi ya shigo ban sake komawa ba. Yanzu ga Afrilu, cikin gari har furanni sun fito mutane na yawo da 'yar shat. Abokaina 'yan nan wasu na cewa wai yanzu ne ma abin ya fi daɗi, wasu kuma sun ce dusar ƙanƙarar duk ta narke ta zama caɓi kar in ɓata kuɗina. Wanne ne gaskiya? Sannan na sayi siki, wato allunan da ake zamiyar da su, da takalminsa na hannu a wajen wani, in an rufe yaya zan adana su zuwa baɗi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Duk su biyun gaskiya suka faɗa maka, abin dariyar ma zai iya yiwuwa dutse ɗaya suka je a rana ɗaya, wannan ya hau ƙarfe 10 na safe wancan ya hau ƙarfe 3 na yamma, kowa ya dawo da labarin abin da ƙafarsa ta taka. Tambayarka in na fahimce ta kashi biyu ce, ko akwai sauran dusar da ta cancanci kuɗin tikiti da na jirgin ƙasa, da kuma yadda ake rufe kakar a ajiye kaya. Ni dai shekarata 11 a Tirol ta Ostiriya, a shagon hayar siki na fara a wani ƙauye kusa da Innsbruck ina goge siki ina shafa musu kaki daga safe har dare, daga baya na yi kwas ɗin koyarwa na matakin farko nake ɗaukar sabbin koyo, to abin da zan gaya maka na duwatsun nan ne da nake takawa, na Ostiriya da kudancin Jamus.

Abin da ke faruwa da dusar a wannan lokacin

A Janairu da ka je dusar da ka taka da safe kusan ita ce zaka taka da yamma, saboda rana bata da ƙarfi, a ƙarshen Disamba ko da tsakar rana tsayinta a sama bai wuce digiri 20 ba kuma yinin duka awa 8 da rabi ne. A tsakiyar Afrilu kuwa rana na haura digiri 50, yini ya kai awa 13 da rabi, kaga wuta ce aka ƙara sosai. To sai dusar ta shiga wani zagaye, da rana samanta ya narke ruwa ya ratsa tsakanin ƙwayoyin, da dare ya daskare ya haɗe su, gobe a sake, jibi a sake. Bayan 'yan kwanaki ƙananan ƙwayoyin nan masu laushi kamar gari sun zama manya masu tsakuwa-tsakuwa, ni tsaki nake kiransu don wallahi kamar tsakin masara suke in ka damƙa a hannu. Mutanen nan Firn suke cewa.

Wannan tsakin a yini ɗaya fuska uku gare shi. Da sassafe ƙarfe 8 da rabi da aka buɗe lif, wato abin da ke ɗaukar mutane zuwa saman dutse, ƙanƙara ce zalla, layukan da katafilar gyaran dusa ta bari da daddare sun daskare kamar kwanon rufi, sikin sai kakkarwa yake haƙoranka na haɗuwa, in ka faɗi kuwa kamar ka faɗi a kan siminti. Daga nan rana ta taɓa shi, saman ya saki kamar kaurin yatsa ɗaya ko biyu ƙasan kuma yana nan da tauri, to wannan shi ne abin da abokanka na farko suke yabo kuma basu yi ƙarya ba, siki na kama shi kamar wuƙa a man shanu, baya gudu da kai baya kuma riƙe ka, ga sabon koyo babu dusar da ta kai wannan sauƙin juyawa duk shekara. Matsalar bata daɗewa, awa ɗaya zuwa biyu ne a kowane gangare. Bayan nan narkewar ta yi zurfi, ta zama abin da suke kira Sulz, ka ɗauka ƙanƙarar da ta kwana a kular mai zoɓo ta fara sakin ruwa, nauyi gare ta, kuma duk wanda ya wuce yana tura ta gefe har titin zamiyar ya zama tudu-tudu kamar kunyar dankali. Wannan ita ce caɓin da abokanka na biyu suka gani.

Daren jiya ne yake yanke hukunci

Abin da mutane da yawa basa dubawa shi ne dare. Ka tuna da hunturu a gida, daren da sama ta yi tas taurari suka fito shi ne wanda ruwan randa yake yin sanyin da baya taɓuwa da asuba, daren da aka yi lumshi kuwa sai ka ji ɗumi. Haka yake a kan dutse, in sama ta washe dusar tana sakin zafinta sama, sai samanta ya daskare ko da ma'aunin iska na nuna digiri 2 ko 3 sama da sifili. In gajimare ya rufe da daddare ko aka yi yayyafi to bargo aka lulluɓa mata, bata daskare ba, zaka iso ƙarfe 9 na safe ka tarar da caɓin jiya yana jiranka, ranar babu tsaki sam. Shi ya sa ni kafin in ce ma ɗalibai gobe a fito da wuri ko a'a sai na leƙa taga wajen ƙarfe 11 na dare tukunna.

A hasashen yanayi na tsaunuka akwai kalmar da nake so ka riƙe, Nullgradgrenze, wato tsayin da sanyi yake kaiwa sifili a ranar. In ka ga an rubuta mita 2000 to duk abin da ke sama da haka lafiya lau, in ka ga 3300 to har ƙololuwa zata saki kafin azahar. Lissafin mai sauƙi ne, duk mita 100 da ka hau sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 0.6. Munich tana kan mita 520 ne, filin siki na dutsen Zugspitze yana wajen 2600, kaga bambancin digiri 12 zuwa 13 kenan, ranar da kuke digiri 18 a gari kuna shan rana a bakin kogin Isar can sama 5 ne ko 6. Don haka furannin cikin gari kar su ruɗe ka.

Sai iskar nan da ake kira Föhn, wadda take tsallako duwatsun Alps daga kudu ta gangaro da ɗumi a bushe, ku ma kuna samunta a Munich ranar da duwatsu suke fitowa ras kamar ka miƙa hannu ka taɓa mutane kuma na ta kukan ciwon kai. Ita wannan cin dusa take kamar wuta a kara, kwana biyu ta yi tana kaɗawa sai ka ga ciyawa ta ɓullo a ƙananan wurare, sannan saboda ƙarfinta a kan rufe lif ɗin sama gaba ɗaya. In an ce ana Föhn ka ɗaga tafiyar kawai.

Akwai kuma baƙuwar da ni in ta zo dariya take bani, ƙurar Sahara. A watan Fabrairu na 2021 da kuma tsakiyar Maris na 2022 sama ta yi jawur a nan, dusa ta koma kalar ƙasa-ƙasa, abokan aikina sai ɗaukar hoto suke suna mamaki ni kuwa na ce musu wannan ai hazo ne, da shi aka yaye mu, sai dai ita wadda ke zuwa nan yawanci daga wajen Aljeriya da Maroko iska take kwaso ta. Illarta ga dusa babba ce. Sabuwar dusa fara tas tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na hasken rana sama, in ta yi datti kuwa sai ta riƙa shanye zafin kamar baƙar riga, narkewa ta yi sauri, kuma ko sabuwa ta sauka a kai ta rufe, da bazara ta zo saman ya narke sai jan layin nan ya sake fitowa. Siki ma baya gudu a kanta, ji zaka yi kamar ana ja maka birki.

Bin rana

Dabarar duk da muke yi a Afrilu ita ce bin rana gangare-gangare. A nan rana bata taɓa zuwa tsakar ka kamar a Kano, kullum ta ɓangaren kudu take ratsawa. Gangaren da ya kalli gabas shi yake fara saki, sai wanda ya kalli alƙibla tunda alƙiblarmu a nan kudu maso gabas ce, sai na kudu, na yamma ya biyo baya, na arewa kuwa a wuri mai tsayi zai iya yini bai saki ba, wani lokacin ma har ka samu dusar hunturu mai laushi a can a watan Afrilu. To sai ka ɗauki taswirar wurin ka duba ina kowane titi ya fuskanta, ko ka tambayi mai kula da lif, ka ce masa ina ya fi kyau yanzu, su sun sani sarai kuma suna jin daɗi a tambaye su.

Ka kuma tuna an tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, yanzu rana bata kaiwa tsakiya sai wajen 1 da kwata, daidai shigar azahar. Ni da haka nake auna wa kaina, daga 9 da rabi ko 10 zuwa azahar shi ne cin kasuwar, in na sauka na yi sallah na ci abinci to sai dai in ƙara ɗaya ko biyu a gangaren arewa in tattara. Wurare da yawa suna sayar da tikitin rabin yini ko na awa-awa, ka duba wannan tunda na cikakken yini a manyan wurare yanzu yana kaiwa Yuro 60 zuwa 80, kuma awannin yamma da zaka biya ba morarsu zaka yi ba.

Ina za a je

Ƙananan wuraren da ke kusa da ku waɗanda ƙasansu bai wuce mita 800 zuwa 1000 ba yawanci zuwa ƙarshen Maris ko Ista sun rufe, waɗanda suka rage kuma wani farin zare ne kawai a tsakiyar koren ciyawa. Zaren nan dusar inji ce, wadda aka fesa tun Nuwamba da Disamba, ta fi ta sama nauyi ninki huɗu ko ma fiye shi ya sa take jurewa, amma gaskiya hawa kanta a Afrilu babu daɗi, safe ƙanƙara yamma kunu. Kar ka je nan.

Mafi kusa da kai Zugspitze ne, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Jamus, mita 2962, jirgin ƙasa daga Munich zuwa Garmisch bai kai awa ɗaya da rabi ba daga nan ka hau jirgin da ke hawa dutsen ko lif daga tafkin Eibsee, kuma sun saba kaiwa farkon Mayu. Filin ba babba bane, wajen kilomita 20 ne na titi, amma ga wanda ya je sau uku ya ishe shi har ya yi yawa. In zaka iya tsallakowa wajenmu akwai Stubai, wajen minti 45 a mota daga Innsbruck akwai bas ma, samansa mita 3210, shi nake fi tura sabbin koyo saboda shuɗayen titunansa masu faɗi ne. Shuɗi dai ka sani shi ne mai sauƙi wanda gangarensa bai wuce kashi 25 cikin 100 ba, ja har 40, baƙi kuwa ba naka bane bana. Akwai Hintertux a ƙarshen kwarin Zillertal mai kaiwa 3250 wanda su har cikin rani ana siki, akwai Sölden, akwai Ischgl da suke rufewa wajen 1 ga Mayu da babban kiɗa a kan dutse, amma can taron 'yan shaye-shaye ya yi yawa ga tsada, ban ga abin da zai kai ɗalibi can ba. A Faransa Val Thorens da ƙauyen kansa yake kan mita 2300 da Tignes su ma suna kaiwa farkon Mayu, sai dai sun yi maka nisa. Ko ina ka zaɓa ka shiga shafinsu ka ga ranar rufewa ta bana ka kuma kalli kyamarar da suke sawa kai tsaye, don ranakun nan suna motsi daga shekara zuwa shekara, ni ma sai na duba nake faɗa.

Wani abu game da tsayi, mita 3000 ba wasa bane, duk Najeriya babu inda ya kai haka, Chappal Waddi da ke Taraba wanda ya fi ko'ina 2419 ne. Iskar da kake shaƙa a can kusan kashi 70 cikin 100 ce ta wadda ke bakin teku, kuma lif cikin 'yan mintuna zai ɗauke ka daga ƙasa ya dire ka a can jiki bai shirya ba. Haki da ɗan ciwon kai ba abin tsoro bane, ka tafi a hankali ka sha ruwa, amma in jiri ya zo da tashin zuciya sauka ƙasa shi ne maganin. In kana da ciwon zuciya ko sikila to wannan maganar likitanka ce kafin ka hau, ba tawa ba.

Gwiwa, ido da fata

Raunin da na fi gani a Afrilu na gwiwa ne kuma kusan duk bayan ƙarfe 2 yake faruwa. Dusa ta yi nauyi, ƙafa ta gaji, mutum ya ce bari in ƙara ɗaya na ƙarshe, sai siki ɗaya ya nutse a tudu ya tsaya jiki kuma ya ci gaba da juyawa, jijiyar cikin gwiwa ta tsinke, a caɓi ba sai kana gudu ba ma. Ni kaina a shekarata ta biyu haka ta same ni a titin da ke gangarowa ƙauye, Allah ya taimake ni buguwa ce kawai amma sati uku ina ɗingishi a shago. Shi ya sa nake ce ma ɗalibaina titin komawa ƙasa da yamma ku bar shi, ku shiga lif ku sauka a zaune, babu wanda zai ba ku lambar yabo don kun gangaro da ƙafa, titin nan shi ne mafi ƙasa mafi zafi kuma kowa ta nan yake bi lokaci ɗaya.

In ka samu kanka a dusa mai nauyi kar ka kwanta baya, wannan shi ne kuskuren kowa, tsoro ya sa mutum ya zauna a dunduniya sai sikin ya ƙwace. Ka tsaya a tsakiya ƙwaurinka na taɓa harshen takalmi, ƙafafu kusa da juna fiye da yadda ka saba, ka yi juyi mai faɗi a hankali kar ka fizga, ka bar ɗan gudu kaɗan don shi yake ratsa tudun. Salon nan na haɗa kan siki kamar garma da aka fara koya maka yana wahala sosai a caɓi saboda dusar kake turawa da cinyarka. Sannan ka kula da inda inuwa ta haɗu da rana, a inuwa siki na gudu yana shiga rana sai ya ja birki kamar an riƙe shi, mutum ya tafi da ka. Gaskiya da zaka iya biyan malami na awa biyu da safe ya fi maka duk wannan rubutun nawa, don ni ban ga yadda kake tsayuwa ba.

Maganar rana kuma kar ka ce ai ni baƙi ne ɗan Sahel me ranar Turai zata min. Na faɗi haka, na ga sakamako, hancina da leɓena sai da suka saɓule. Hasken nan mai ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 duk mita 1000, dusa kuma tana dawo da shi daga ƙasa har kashi 80, wato ta sama da ta ƙasa ake gasa ka, har ƙarƙashin haɓa da cikin hanci. Ka shafa man kariya mai lamba 50 da na leɓe. Ido ya fi komai, in ka yini babu tabarau mai duhu da daddare zaka ji kamar an zuba maka yashi a ido hawaye na zuba baka iya buɗewa, yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu amma azaba ce, kuma ko ana gajimare yana kamawa. Kaya kuma ka sa marasa nauyi a jere yadda zaka iya cire ɗaya, safe sanyi rana zufa, safar hannu ka riƙe ta biyu don ta farko zata jiƙe, hular kwano kuwa ko zafi ya kai ina kar ka cire.

Wajen titi ba naka bane

Zaka ga mutane suna fita gefen sandunan da aka kafa suna shiga dusar da ba a gyara ba, kar ka bi su. A bazara in ruwa ya ratsa dusar har ƙasa sai ta saki dutsen gaba ɗaya ta zaftaro, jiƙaƙƙiya mai nauyi kamar kwaɓin siminti, wanda ta binne baya iya motsa ko yatsa. Ma'aunin haɗarin zaftarewa a Turai daga 1 ne zuwa 5, kuma a wannan lokacin rahoton Tirol da ake fitarwa kullum ƙarfe 5 na yamma sau da yawa lamba biyu yake bayarwa, ta safe daban ta rana daban, safe 1 rana 3 misali. Masu hawa da ƙafa da suka san abin da suke yi tun ƙarfe 4 ko 5 na asuba suke tashi da fitila a goshi, kafin 11 sun sauko suna shan kofi. Ni takardata ta koyarwa a kan titi ce, wancan fannin na jagororin dutse ne, ko ni in zan shiga da su nake tafiya. A wuraren da ke kan daskararriyar ƙanƙarar nan ta dindindin, Gletscher, akwai ƙarin haɗarin ramuka masu zurfi da dusa ta rufe bakinsu, a bazara murfin yana yin rauni. Ka sa lamba 140 a wayarka ta masu ceto a dutse a Ostiriya, 112 kuma tana aiki ko'ina. Ka kuma bincika inshorarka, don jirgi mai saukar ungulu in ya ɗauke ka daga kan dutse kuɗin dubban Yuro ne kuma inshorar lafiya ta yau da kullum ba lallai ta biya duka ba, mutane da yawa saboda wannan kaɗai suke yankar katin ƙungiyar masu hawa dutse, Alpenverein, ɗalibai ma ana musu ragi.

Wani abin da zai baka mamaki, zaka ga an rufe wuri alhali dusa na nan jibge mita ɗaya ko biyu. Ba dusar ce ta ƙare ba, mutane ne suka ƙare, da Ista ta wuce Bature ya ɗauko kekensa hankalinsa ya koma tafkin Garda, ma'aikatan wucin gadi kwantiraginsu ya cika sun koma ƙasashensu, kuɗin wutar lif baya fita, ga gyaran wayoyi da injina da dole a yi kafin baƙin rani su zo, filayen kuma da yawa makiyayar manoma ce da za a kawo shanu. A manyan wurare irin Stubai in an gama sai su lulluɓe wasu sassan ƙanƙarar da farin bargo don rage narkewa, a Davos ta Suwizalan kuma tara dusa suke su rufe da garin katako ta kwana har kaka, ranar da na fara jin wannan sai na tuna masu sayar da ƙanƙara a gida da buhunansu da garin katakonsu, dabara ɗaya ce. Duk da haka abin yana ja baya a idonmu, a 2022 zafi ya sa Zermatt ta Suwizalan ta dakatar da sikin rani, a shekarar ne kuma aka cire ɗaya daga cikin ƙanƙarar Zugspitze, ta kudun, daga lissafi saboda ta sirance ta daina motsi.

Adana kaya

Kafin ma maganar adanawa akwai abin da ya tsaya min a rai a tambayarka, ka ce na hannu ka saya. Maƙalin nan da yake riƙe takalmi a kan siki an saita shi ne ya saki ƙafa in ka faɗi, kuma saitin da nauyin mutum ake yinsa da tsawonsa da shekarunsa da tsawon tafin takalmi da iyawarsa. In wanda ya sayar maka ƙato ne mai kilo 95 gwani kai kuma kana 65 sabon koyo, to ƙafarka bazata fita ba sai dai gwiwar ta fita. In baka kai shago an saita maka an gwada a inji ba ka kai kafin wannan tafiyar, kuɗin kaɗan ne. Ka ce su shafa maka kakin dusa mai ɗumi a lokaci guda, yawanci rawaya ne, don jiƙaƙƙiyar dusa tsotse busasshen siki take yi.

In ka gama na ƙarshe sai ka goge sikin da tsumma mai ɗan ruwa ka cire datti da gishirin hanya, a bazara dusa cike take da ƙura da garin furanni da man injina, ka bar shi ya bushe sarai kwana ɗaya. In akwai tsatsa a ƙarfen gefe a goge ta yanzu don zuwa kaka ta ci ciki. Sannan a narka kaki da kauri a shafe ƙasan duka har ya rufe ƙarfen, kuma kar a kankare, haka za a bar shi ya yi rani, ko wane shago ka ce musu na ajiya kake so sun gane. Kar ka ɗauko dutsen gugar kayanka ka ce zaka yi da kanka a ɗakin hostel, zafinsa baya tsayawa wuri ɗaya zaka ƙona ƙasan sikin ka kuma ɓata dutsen gugar. Wurin ajiya ya zama busasshe mara zafi, ɗakin ƙasa mai danshi da kan siminti tsatsa ne, saman rufi mai zafi kuma yana lalata gam ɗin da ya haɗa sikin, bayan ƙofa ko ƙarƙashin gado ya wadatar, ka ɗaure su sama da ƙasa sako-sako kar ka matse tsakiya. Wasu na cewa a sassauta sifirin ɗin maƙalin, ni ina cewa ka bar shi yadda yake, na ga waɗanda suka sassauta suka manta suka hau a Disamba siki ya fice musu a juyin farko.

Takalmi ka zaro na cikin mai laushi ka shanya a inuwa kwana biyu, ba a kan hita ba, ka mayar ka ɗaura maɓallan a ramin farko don robar kar ta buɗe ta canza siffa, ka sa a jaka ka zuge saboda ɓeraye na son yin gida a ciki, a shago duk kaka sai mun samu wanda ya kawo takalmi an cinye masa harshe. Jaket da wando a wanke da sabulun irin kayan ba tare da man laushi ba, ka duba aljihu ka cire tikiti da ragowar dabino. In kana da niyyar ƙara wani abu kamar tabarau ko hular kwano yanzu ne lokacin, shaguna na karya farashi don su kwashe kayan hunturu, masu haya ma suna sayar da na shekarar. Wajen ƙarshen Oktoba zaka ji an fara gasar siki ta duniya a Sölden, to daga nan sai ka zaro sikin ka kai a kankare kakin a sake gwada maƙalin, musamman in tuwon rani ya ƙara maka kilo.